Dundumin da hanta ba ta warkarwa: mahaifina, gwaggona, ni, yanzu kuma ɗana

Tela_Mai_Zare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda zai warware mini wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, tun ina yaro na san shi da dundumi. Da an kira magariba sai ya nemi bango ya dafa, kuma kafin ya kai shekara 60 sai da aka riƙa yi masa jagora zuwa masallaci. Ƙanwarsa, gwaggona, ita ma haka ta ƙare. Ni abin ya fara mini ina wajen shekara 15. Yanzu ina da 41. Da rana ina zura zare a allura ba tabarau, amma a ajiye kujera a gefena sai na yi karo da ita. Kamar mai leƙe ta cikin bututu nake. Likitan ido ya duba bayan idona ya ce sunan ciwon retinaitis figmentosa, suna taƙaita shi da RP, wai makarɓin haske ne a cikin ƙwayoyin ido ya zo da tangarɗa tun daga gado. Ranar layi ya yi tsawo, ban samu damar tambayarsa komai ba. Abin da ya hana ni barci shi ne ɗana na biyu, ɗan shekara 9, ya fara laluben takalminsa bayan isha'i. Matata 'yar kawuna ce, wan mahaifiyata, yanzu dangi sun fara cewa auren zumunci ne ya jawo, ita kuma sai kuka. Mene ne wannan makarɓi? Ta yaya yake makantar da mutum a hankali? Da gaske aurenmu ne sila?

Hajiyar_Kurmi: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ku lafiya ɗana. Mu dai da muna yara a ƙauye, in yaro ya yi dundumi gasa masa hantar akuya ake yi ya ci kwana uku, shi ke nan. Ni da idona na ga ya yi wa ƙanena aiki. Ka gwada wa yaron, ka haɗa masa da man ja da zogale.

Tela_Mai_Zare: Hajiya na gode. Wallahi hantar da na ci a rayuwata ta isa a buɗe mahauta. Ba ta taɓa canza komai ba.

Likitan_Ido_KD: Hajiya ba ta yi kuskure ba, Malam Tela ma bai yi ba. Dundumi iri biyu kuke magana a kai. Na ƙanen Hajiya na ƙarancin bitamin A ne, kuma hanta cike take da shi, shi ya sa yake washewa cikin 'yan kwanaki. Naka kuwa bitamin ɗin yana nan, abin da zai riƙe shi ya yi aiki da shi ne ya sami matsala. Ko fetur ya cika tanki, in injin ya lalace mota ba za ta tashi ba. Ina asibiti yanzu, zan dawo da dare in yi maganar gadon. Akwai ɗalibar nan da ta iya bayanin makarɓi fiye da ni, ta fara.

Ɗalibar_Bayokem: Dakta ka ɗora mini nauyi, amma bari in gwada. Baba Tela, kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da bango, kuma a jikin bangon akwai wasu furotin da ke zaune kamar maigadi a bakin ƙofa. Saƙo ya zo daga waje, maigadin ya karɓa ya sanar da cikin gida. Shi ne makarɓi. Na hanci ƙamshi yake karɓa, na ido kuma haske.

A can bayan ido akwai wata shimfiɗa siririya da ake kira retina. Ƙwayoyin gani iri biyu ne a cikinta. Akwai masu siffar sanda, wajen miliyan 120, su ne na gani a duhu da gani ta gefe. Akwai masu tsini, wajen miliyan 6, su ne na rana da launi da ganin abu ƙarami. Makarɓin da ke cikin masu sandan sunansa rodofsin. Wani Bajamushe, Franz Boll, ya fara lura da shi a 1876, lokacin da ya ga retinar kwaɗo tana da ja-ja a duhu, in haske ya taɓa ta sai ta koɗe. Rodofsin sarƙa ce mai ƙulli 348, ta ratsa bango sau 7, kuma a tsakiyarta tana rungume da ɗan guntun bitamin A a lanƙwashe. Haske ya faɗo, guntun ya miƙe, rodofsin ya sauya siffa, ya tayar da wani furotin mai suna tiransdusin, daga nan saƙo ya bi jijiya ya tafi ƙwaƙwalwa. George Wald ya sami kyautar Nobel a 1967 kan gano aikin bitamin A a wannan wuri.

Sarkin_Musu: Ashe 'yan sanda ne ke gadin dare a cikin ido. To ba mamaki da ake neman su a rasa da zarar duhu ya yi.

Ɗalibar_Bayokem: Yaya Sarki ka ba ni dariya, amma ka taimaka mini, ba wanda zai sake mantawa. In ci gaba. Tunda kai tela ne Baba, ɗauki ƙwayar gado a matsayin takardar awo da ake bai wa shago. Takardar rodofsin tana kan kuromosom na 3, ɗaya daga cikin ƙunshin da ake adana takardun gado a ciki. In harafi ɗaya ya sauya a awon, rigar za ta fito a karkace. Misalin da aka fi sani shi ne wanda Thaddeus Dryja da abokan aikinsa suka gano a Boston a 1990, kuma shi ne karo na farko da aka kama ƙwayar gadon da ke jawo RP. A ƙulli na 23 cikin 348 ɗin nan, wani sinadari ya zauna a gurbin wani. Shi ke nan fa. Amma saboda wannan, furotin ɗin ba ya naɗuwa daidai, sai ƙwayar ta ƙi fitar da shi zuwa inda zai yi aiki. Ka ƙaddara shagonka kullum ana ɗinka rigar da ba za a iya ba mai ita ba, ana jibgewa a ciki, kuma ba a daina ɗinkin. Yau da gobe shagon zai cushe, har rigunan kirkin su rasa hanyar fita. Haka masu sandan ke gajiya suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya cikin shekaru. Shi ya sa ciwon ba ya zuwa dare ɗaya.

Dalilin da ya sa kake zura allura amma kake karo da kujera: a daidai tsakiyar retina babu masu sanda ko ɗaya, masu tsini ne zalla. Masu sandan suna kewaye. In suka mutu gefe ne ke fara tafiya, tsakiya ta rage.

Tela_Mai_Zare: Allah Ya yi miki albarka 'yata. Yau shekara 26 ina cikin abin nan, sai yau na ji shi da harshen da na gane. To amma in masu tsinin lafiyarsu ƙalau, me ya sa mahaifina ya rasa har ganin rana daga ƙarshe?

Ɗalibar_Bayokem: Amin Baba. Maƙwabtaka ce. Masu sandan suna fitar da wani sinadari da ke taimaka wa masu tsini su sami abinci, kuma su ne ke shanye mafi yawan iskar oksijin da ke zuwa wurin. In suka ƙare, masu tsinin sun rasa tallafi, ga oksijin ya yi musu yawa yana ƙona su. Sai su ma su bi baya, amma a hankali ƙwarai, kuma saurin ya bambanta daga gida zuwa gida.

Maman_Sadiya_Jos: Ni dai gaskiya ɗaya ce, mu rage auren gida. Kullum ana faɗa ba ma ji. Ga sikila, ga kurumta, ga wannan. Ba ina zargin matarka ba ne Malam, amma dangin naku ba su yi ƙarya ba.

Bazazzagi_82: Anti ki yi a hankali. Sikila ba ta tambayar dangantaka, AS da AS ko daga Sakkwato da Kalaba suka fito za su iya haifar SS. Ni iyayena 'yan wa da ƙani ne, mu tara, duk lafiya lau.

Maman_Sadiya_Jos: Don ku kun tsira ba ya nufin kowa zai tsira. Wani ya sha guba bai mutu ba, ba ya mayar da ita zuma.

Likitan_Ido_KD: Na dawo. Ku tsaya, kowannenku yana riƙe da rabin magana. Kowane mutum yana da kwafi biyu na yawancin ƙwayoyin gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. RP tana bin hanya uku.

Hanyar da Maman Sadiya ke nufi ita ce irin ta sikila: sai kwafi biyun duka sun lalace ciwo ke fitowa. Iyayen suna gani garau amma kowanne yana ɗauke da shi a ɓoye, kuma kowane ciki yana da damar 1 cikin 4. A nan auren zumunci yana ƙara haɗari da gaske, domin 'ya'yan wa da ƙani sun yi tarayya a kusan kashi 1 cikin 8 na gadonsu, abin da ya ɓuya a wurin kaka sai ya haɗu a jikoki.

Amma ku sake karanta labarin Malam Tela. Uba yana da shi, ƙanwar uba tana da shi, ɗa yana da shi, jika ya fara. Ba tsallake. Wannan ya fi kama da hanya ta biyu, mai rinjaye, inda kwafi ɗaya da ya lalace ya isa, kamar yadda ɗaliba ta kwatanta rigar banza tana toshe wa ta kirki hanya. A wannan hanya duk wadda ya aura, ko daga Sin ta zo, kowane ɗa ko 'ya yana da damar 1 cikin 2. Kuma matar tasa ta ɓangaren mahaifiyarsa take, ciwon kuwa ta ɓangaren uba ya gangaro. Hanya ta uku ita ce ta kuromosom X, wadda ke bi ta uwa ta kama 'ya'ya maza, ita kuma an cire ta a nan tunda uba ba ya ba ɗansa namiji X.

Gyara ɗaya ga abin da aka gaya maka Malam: duban bayan ido yana nuna RP ce, amma ba ya nuna wace ƙwayar gado ce. Sama da 80 ne ke iya jawo ta. A Turai da Amurka rodofsin ne ke da alhakin wajen kashi 1 cikin 4 na irin mai rinjayen. Gwajin gado na jini ko yawu ne kaɗai zai kama sunan taku.

Malamin_Bayoloji_Gusau: Dakta, da izininka in ƙara wani abu. A gidan da aka daɗe ana auren juna, irin mai ɓuya ma yana iya yin shigar mai rinjaye. In mai ciwon ya auri 'yar uwarsa da ke ɗauke da shi a ɓoye, rabin 'ya'yan za su iya fitowa da shi, sai a ga kamar daga uba zuwa ɗa yake tafiya kai tsaye. Don haka kafin a wanke auren zumunci tas, a tambayi Malam: mahaifinka da mahaifiyarka akwai dangantaka?

Likitan_Ido_KD: Gaskiyarka Malam, na yi gaggawa. Tambayar tana kan hanya.

Tela_Mai_Zare: Babu ko kaɗan. Mahaifina fatauci ya kai shi garin su mahaifiyata, ko yare ɗaya kakanninsu ba sa yi. Kuma a dangin uwata ba a taɓa jin mai dundumi ba.

Malamin_Bayoloji_Gusau: To magana ta koma inda Dakta ya ajiye ta. A kai wa matarka wannan labari ta share hawaye.

Ɗan_Damagaram: Salamu alaikum daga Zinder. Namu gidan shi ne ɗaya gefen. Yayata ta auri ɗan baffanmu, 'ya'yansu shida, biyu an haife su ba sa ji sosai, sai da suka kai shekarun balaga kuma dundumi ya shigo. Iyayen ba mai ko ɗaya. Lokotoro a Yamai ya ce kunnen da idon ciwo guda ne. Mun sha yawon masu magani kafin nan, har aka ce aljanu ne suka shafe su, an ci mana kuɗi ba kaɗan ba.

Ɗalibar_Bayokem: Kawu na Damagaram, wannan ya yi kama da abin da ake kira ciwon Usha, da sunan wani likitan ido na Birtaniya, Charles Usher. Furotin ɗin da suka lalace suna aiki a wuri biyu, a gashin cikin kunne da ke karɓar sauti da kuma a ƙwayoyin gani. Ɗaya daga cikinsu ma makarɓi ne, ɗan gidan su rodofsin, masu ratsa bango sau 7. Kuma shi ta hanyar ɓuya yake zuwa, don haka a gidanku maganar Anti Maman Sadiya ce ta yi daidai.

Maman_Sadiya_Jos: Alhamdu lillahi, yau dai an ba ni gaskiyata ko da rabi ce.

Direban_Tirela: Ni tambayata daban. Ban taɓa samun matsalar dare ba, amma ja da kore suna rikice mini. Sai da na je gwajin ido aka buɗe mini wani littafi mai ɗige-ɗige aka ce in karanta lamba, ban ga komai ba. Danja kuwa da matsayinta nake ganewa, ta sama tsaya, ta ƙasa wuce. Ni ma zan makance ne?

Likitan_Ido_KD: A'a direba, kwantar da hankalinka. Naka makarɓan launi ne na cikin masu tsini. Iri uku ne, na ja, na kore, na shuɗi. Takardun na ja da na kore suna maƙwabtaka a kan kuromosom X kuma sun yi kama ƙwarai, shi ya sa suke yawan cakuɗewa ko ɗaya ya ɓace. Ƙwayoyin ba sa mutuwa, haka aka haife ka haka za ka tsufa. Ta wurin mahaifiyarka ka samo, 'ya'yanka maza ba za su karɓa daga gare ka ba, amma 'ya'yanka mata duk za su ɗauka su iya ba nasu 'ya'yan maza. A Turawan arewacin Turai kusan namiji 1 cikin 12 haka yake, a Afirka bai kai haka ba. Littafin ɗige-ɗigen na wani likitan Japan ne, Ishihara, tun 1917 ake amfani da shi.

Malamin_Bayoloji_Gusau: John Dalton, wanda muke koyar da ka'idarsa ta atom a aji, irinka ne direba. Ya yi bayanin matsalarsa a 1794, ya zaci ruwan cikin idonsa ne shuɗi, har ya bar wasiyya a duba idanunsa bayan ya mutu. An adana su a Manchesta, a 1995 aka yi musu gwajin gado aka tarar makarɓin kore ne babu.

Sarkin_Musu: Ni fa akwai abin da bai shige ni ba. Kakana ya yi dundumi tun yana yaro, ya mutu yana da shekara 90 yana karanta Alƙur'ani da idonsa. Hanta ba ta warkar da shi ba, makanta kuma ba ta zo ba. A wane layi za ku sa shi?

Ɗalibar_Bayokem: Akwai layinsa Yaya. Ba kowace tangarɗar makarɓi ke kashe ƙwaya ba. Akwai wadda ke sa rodofsin ya maƙale a kunne, yana ta aika saƙon "ga haske" alhali ba haske. Sai masu sandan su zama kamar mai neman tauraro da tsakar rana, ɗan hasken dare ya ɓace a cikin hayaniyar ƙarya. Akwai kuma wadda masu sandan lafiya lau suke aika saƙo, amma makarɓin ƙwaya ta gaba da zai amsa shi ne ya lalace. Duka biyun dundumi ne na haihuwa da ba ya ƙaruwa. A kudancin Faransa akwai zuriyar wani mahauci, Jean Nougaret, da aka haifa a 1637, an bi sawun dundumi a jikokinsa ƙarni bayan ƙarni, sai a 1996 aka gano tiransdusin ɗinsu ne ke da matsala. Wataƙila kakanka irin wannan layin ne.

Sarkin_Musu: Mahauci da dundumi. To wannan ai ya rufe maganar hanta.

Hajiyar_Kurmi: Kai Sarki ba ka da ta ido. Na dai ji, na kuma ƙaru.

Uwar_Biyu_Bauchi: Don Allah ɗana zabiya ne, idonsa yana rawa kuma rana tana damunsa. Shi ma makarɓin ne?

Likitan_Ido_KD: In fatarsa da gashinsa duk farare ne, galibi a nan Afirka matsalar wani furotin ne na sarrafa launin jiki, ba makarɓi ba. Akwai dai wani nau'in da ke taɓa ido kaɗai, fata kusan yadda take, yana kama maza ta wurin uwa, shi wannan makarɓi ne ya lalace. Ko wanne ne, ki sama masa tabarau na awo da na rana, hula mai baki, a zaunar da shi gaban allo. Kuma tunda iyaye mata suna karantawa: duk jaririn da kuka ga tsakiyar idonsa tana walƙiya fari kamar idon mage, musamman a hoto, kada a jira ko mako ɗaya, kada a ɗiga komai. Yana iya zama sankarar ido ta yara, ita ma tana iya bin gado, kuma tana kisa in an makara.

Mai_Kula_Da_Zaure: Jama'a muna ta nisa. A koma kan tambayar Malam Tela da yaronsa. Wanda ya turo lambar mai maganin "wanke ido kwana bakwai" na goge, kar a sake.

Bazazzagi_82: To ni na ji an ce Turawa sun samo allurar da ke gyara gadon. Gaskiya ne?

Likitan_Ido_KD: Gaskiya ne amma da sharaɗi. Sunanta Luxturna, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a Disambar 2017, kuɗin da aka sa mata a farkon 2018 dala 850,000 ne na ido biyu. Aikin Jean Bennett da Albert Maguire ne na Jami'ar Fensilbaniya, sun fara da karnuka makafi. Amma ta ƙwayar gado ɗaya ce tak, RPE65, wadda ba makarɓi ba ce, ita ce mai sake lanƙwasa guntun bitamin A bayan haske ya miƙar da shi. A can abu ne ya ɓace, sai a kai sabo a zuba. Na rodofsin mai rinjaye ya fi wuya, domin kai sabon awo bai isa ba, sai an hana shagon ɗinka mai karkatan, ga shi tangarɗar rodofsin ta haura iri 150. Ana kan gwaje-gwaje. A 2021 kuma aka ba da rahoton cewa a Faris an sa wa wani mai RP ɗan shekara 58 makarɓin haske na gansakuka a ƙwayoyin idonsa da suka rage, da taimakon wani tabarau na musamman ya iya gane inda abubuwa suke a kan tebur ya ƙirga su. Ba gani ne irin namu ba, amma daga babu ne.

Abin da ke hannunmu yau: masu RP suna yawan samun yanar ido da wuri, da kumburin tsakiyar retina, kuma duka biyun ana maganinsu. Na sha ganin wanda ya sallama cewa ciwon ne ya cinye shi, ashe yana ce, aka cire ya koma sana'arsa. Sai dai a asibiti, ba wurin masu kwantar da yana da tsinke ba. Ka riƙa zuwa duk shekara. Yaron kuma a kai shi inda ake da na'urar auna wutar retina da hoton sassanta, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko manyan asibitocin koyarwa, a fara tabbatarwa. Yaro ɗan shekara 9 mai lalube da dare yana iya zama ƙarancin bitamin A ne ko buƙatar tabarau kawai.

Nas_Hauwa_Ido: In ƙara a kan na Dakta: kar kowa ya je kemis ya sayi bitamin A mai ƙarfi ya riƙa sha da kansa. Wani bincike na Boston a 1993 ya sa an daɗe ana ba masu RP, amma da aka sake nazarin bayanan a 2023 ba a ga amfanin ba. Yana taruwa a hanta ya yi illa, yana iya nakasa ɗan tayi, kuma akwai wani ciwon retina na gado, Stargardt, da ake hana masu shi sha. Karas da mangwaro da zogale a ci a ƙoshi, wannan daban.

Mai_Farar_Sanda: Wayata ce ke karanto mini duk abin da kuke rubutawa, da TalkBack nake amfani. RP ce ta ɗauke ganina, na rasa na tsakiya ina da shekara 47. Malam Tela, abin da na yi nadama ba makantar ba ce, shekaru goman da na ɓata ina ɓoyewa ne. Ina cewa mantuwa ce ta sa ban gaishe da mutane ba, har aka riƙa kirana mai girman kai. Na ƙi riƙe sanda don kar a ce mabaraci ne, sai da na faɗa kwata na karya ƙafa. Ka koyi waya da murya da tafiya da sanda tun kana gani, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. In kana hawa babur da yamma ka bari yau, ba gobe ba. Yaron kuma kar a cire shi daga makaranta, a gaya wa malaminsa kawai.

Alaramma_Na_Gabas: Malam mai sanda ya faɗi abin da ya kamata mu malamai mu riƙa faɗa. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, ya yi ladanci, kuma an sha bar masa riƙon Madina. Neman sanin sababi ba jayayya da ƙaddara ba ne. Abin da nake so a tattauna shi ne ranar da yaran nan za su nemi aure. Ni a ganina wajibi ne a faɗa wa ɗaya ɓangaren.

Maman_Sadiya_Jos: Allah gafarta Malam, a faɗa ɗin, amma ka san mutanenmu. Namiji zai samu mata ko yaya, 'yan matan gidan ne za su zauna, har waɗanda ba su ɗauko komai ba.

Bazazzagi_82: Ai a nan gwajin gadon zai yi rana. In mai rinjaye ne, wadda ba ta ɗauko ba ta fita ke nan, ita da zuriyarta. Dokar gwaji kafin aure da aka sa wa hannu a Kano a 2024 ta tsaya ne kan irin su sikila da ciwon hanta da ƙanjamau, wannan sai dai gida ya nema da kansa.

Malamin_Bayoloji_Gusau: Kuma ko an yi gwajin ba kullum yake kama tangarɗar ba, musamman mu da aka fi gina ma'ajiyar bayanan da jinin Turawa. Tangarɗar ƙulli na 23 ɗin ma kusan ta Amurka ce, ana danganta ta da kaka guda. Tamu tana iya zama wata dabam.

Tela_Mai_Zare: Jama'a na rasa bakin godiya. Daren jiya na karanta wa matata bayanin Dakta da na Malamin Gusau, ta sa na maimaita wurin "ko daga Sin ta zo" sau uku, ta ce in tura wa yayata da ta fi kowa magana. Na kira gwaggona ƙarama, ta ce kakarmu ta wajen uba ma da jagora ta rasu, ana cewa tsufa ne. Mun zama hawa huɗu ke nan. Babur na ba ƙanena tun bara. Yaron zan kai shi Kaduna bayan an yi hutu. Abin da ban yanke ba shi ne ko in gaya masa dalilin tafiyar. Yana da wayo, jiya ya tambaye ni ko shi ma zai riƙa dafa bango irin na Alhaji, wato mahaifina.

Nas_Hauwa_Ido: Ka bari a tabbatar tukuna Malam. Kar ka ɗora masa abin da wataƙila ba nasa ba ne.

Mai_Farar_Sanda: Ni kuwa na saɓa da Nas a nan. Yaron da ya yi wannan tambayar ya riga ya sani, so yake ya ji ko za a yi masa ƙarya. Ka ce masa za a je a duba ne, kuma ko me aka gani kai ma kana da shi ga ka nan kana ɗinki. Kafin nan ka saya masa 'yar tocila tasa ta kansa, a sa ƙwai mai haske a zaure, takalminsa kuma a daina matsar masa da shi daga inda ya ajiye.

Ɗan_Damagaram: Dakta in ka sake leƙowa, 'yar yayata ƙarama shekararta 4, tana ji lafiya lau. Ta tsira ke nan ko sai mun jira?